Gidan Abolengo

Duk wanda ya zauna Anka a shekarun da zinariya ta fashe bai kuma san Alhaji Namadi ba, to a tasha ya yi zamansa, bai shigo gari ba. Mutum ne da Allah ya yi wa komai a yalwace: murya, tumbi, babbar riga, da ra'ayi a kan duk abin da ke bisa doron ƙasa. Idan ya fito da hantsi yakan tsaya a ƙofar gida ya ɗan jira, don ya ba gari damar ganinsa. Turarensa kan riga shi isa masallaci, ya kuma zauna a sahu bayan shi ya fita. Ba ya gaisawa da hannu biyu, domin ɗayan kullum cike yake da wayoyi, kuma wani ikon Allah, wayoyin nan ba sa ƙara sai yana cikin mutane.

Da ɗan ma'auni ya fara, yana zama gindin bishiya yana sayen zinariya a hannun masu haƙa. Kafin a ce me, ga bene, ga motoci, ga gidajen haya. Ya je Makka har ya daina lissafi. Abu ɗaya ne ya zagaya kasuwanni bai samu na sayarwa ba, shi ne asali.

A ƙasarmu kuwa kun sani, in mutum ya zauna cikin dattawa ba a tambayar me ya tara. Shiru za a yi masa har ya gama baje kolinsa, sannan wani tsoho ya karkata ya tambayi na kusa da shi a hankali, wai ɗan wane gida ne? Wannan tambaya ita ce ta hana Alhaji Namadi sakewa. Ba don ba shi da amsa ba. Amsar ce ba ta yi masa ba. Shi haifaffen Gummi ne, can bakin gulbi, gidan Sarkawa, wato masunta na gado. Ubansa Shitu da koma, ragar kamun kifi, ya ci da iyali har ya koma ga Allah. Ƙanwar uban, Gwaggo Asabe, ita ta goya shi, tana banda kifi yana bayanta yana shaƙar hayaƙi. Ranar da ya bar Gummi ya yi wanka da sabulu mai ƙamshi, ya ɗauka magana ta ƙare.

A gidansa na Anka ya kafa doka, ba a shigo masa da kifi, ɗanye ko busasshe. In an tambaye shi dalili sai ya yamutsa fuska ya ce, "Ƙarni na tada man zuciya. Jininmu bai saba ba." In kuma wani mai karambani ya ce, to Alhaji jinin naku na ina ne, sai ya ɗaga hannu ya nuna wajen gabas, tsakanin tankin ruwa da sararin sama, ya ce, "Mu daga can muke." Nan take waya ta yi ƙara.

Ana haka sai sarautar Marafa ta faɗi a wani gari tsakanin Anka da Bukkuyum. Ba zan faɗi sunan garin ba, ina da dangi a can. Alhaji ya ji labari, ya auna sunan a bakinsa, Marafa Namadi, ya ji ya zauna daidai kamar hular da aka ɗinka don kansa. Ya fara zarya. Ya gyara wa garin rijiya, ya sauya wa masallaci tabarmi, ya je gaisuwar mutuwar mutanen da bai taɓa sanin suna raye ba. Hakimin garin, wani dattijo mai sanyin magana da ba ya gaggawar komai, ya karɓi duk wannan da godiya. Daga ƙarshe ya ce, "Alhaji, mun ga alheri. Amma Marahwa sai ɗan gida mai tarihi. Ka tara mu wata rana ka ba mu asalinka mu ji, in ya zamna, rawani naka na."

Alhaji ya dawo gida da wannan magana tsaye a ƙirji.

To, a lokacin ne gubar dalma ta shiga ƙauyukan Abare da Tungar Daji da Duza, likitoci suka zo daga ƙasashe daban-daban suna duba yara. Cikinsu akwai wata 'yar ƙasar Sifaniya, Likita Marisol, da ta kama haya a ɗaya daga gidajen Alhaji. Mai yi mata tafinta wata nas ce, Stella, 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a Anka har Hausarta ta fara karkata. Alhaji kan je gidan a kai a kai duba famfo, ko da yake bai taɓa taɓa famfon ba. So yake a riƙa ganin motarsa a ƙofar Turawa.

Rannan ya tarar da hoto manne a bangon falo. Wani tsohon gida ne na dutse, an sassaƙa tambari a saman ƙofarsa.

"Stella, tambaye ta, wanga gida na ubanta na?"

Likita ta yi dariya ta girgiza kai, ta yi 'yar magana.

"Ta ce ina! Su gidansu yana tsallaken titi, ɗan ƙarami. Wannan na wasu mutane ne da suka daɗe a garin. Ta ce a yarensu irin wannan gida ana ce masa mai abolengo."

"Mai mi?"

"Abolengo," in ji Likita, a hankali, gaɓa-gaɓa.

"Asali ke nan, Alhaji," Stella ta ce. "Amma irin wanda ya tsufa har ya yi furfura. Gidan da aka san uba, aka san kaka, aka san kakan kaka."

Alhaji ya sake duban hoton. Ya juya kalmar a baki kamar alewa. A-bo-len-go. Ya ji nauyinta, ya ji yadda take cika kumatu, ya ji yadda ƙarshenta ke faɗuwa kamar an buga tambari. Likita ta ɗaga yatsa ta ƙara wata magana.

"Ta ce amma ka kula da abu guda," in ji Stella. "Ba mutum ke faɗar ta a kan kansa ba. Wasu ke faɗa maka. A garinsu duk wanda ya buɗe baki ya ce shi mai abolengo ne, sai an bari ya juya baya a yi masa dariya."

Wannan gargaɗi bango aka yi wa. Alhaji ya riga ya kai ƙofa, yana tafe yana motsa leɓe.

Kada ku raina wayonsa, don ya hango abin da ku ba ku hango ba. Kalmar asali tana da ƙofa, kowane tsoho na iya turawa ya shiga ya tambayi wa ya haifi wa. Wannan kuwa ba ƙofa ba taga. Wa zai yi maka tambaya a kan abin da bai ma iya faɗa ba?

Washegari aka fara jin ta a gidan mai. Layi ya yi tsawo, Alhaji ya zagaya ya sa kan mota a gaba. Wani mai babur ya ɗaga murya, Alhaji ya sauke gilashi ya ce, "Yaro, ba laihinka ba na. Mai abolengo ba ya bin layi." Mai babur ya ja baya da sauri, a zatonsa wata cuta ce mai yaɗuwa. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a gefe ta ce, "Ayya Alhaji, Allah shi ba ka lahiya." Bai ji haushi ba. Ya ce jahilci ma jarrabawa ce.

Daga nan kalma ta samu wurin zama. Mahauci ya yanko masa tsoka mai jijiya, ya mayar, ya ce haƙorin abolengo ba ya ja-in-ja da nama. Tela ya yi masa aljihu ƙarami, ya ce a warware. A wani taron suna a Bukkuyum aka ba shi lasifika don ya yi addu'a, bai saki ba sai da abinci ya huce.

"Jama'a," ya ce, "ku abin da kunka sani asali na. Asali kowa na da shi, ko jaki an san uwatai. Amma akwai abin da Turawan Sihwaniya sunka gano, suna ce mai abolengo. Shi kala-kala na. Akwai siriri kamar zare, ka ja shi kaɗan shi tsinke. Akwai matsakaici. Akwai kuma irin namu, igiyar rijiya. Likitarsu da kanta, ganina na hwarko, ta dube ni tac ce, Alhaji, kai kana da shi. Su da ido suka gane shi, kamar yadda nika gane zinariya."

Mutane suka ce ikon Allah. Samari suka sa masa Alhaji Abolengo. Masu ƙarin rashin kunya suka ce Marafan Gobe. Duka biyun ya ji, duka biyun ya amsa.

Sai dai abolengo na buƙatar kayan aiki. Ya sa mai fenti ya rubuta GIDAN ABOLENGO da manyan haruffa a saman ƙofarsa. Ya samo wani takobi mai tsatsa a wurin masu gwangwan ya rataye a zaure. Ya je Gusau wurin wani tsohon mai hoto, ya tona tarin hotunan da masu su ba su dawo karɓa ba, ya zaɓo wani dattijo mai rawani da kwarjini, aka faɗaɗa shi aka sa a gilashi. Aka raɗa masa suna Kaka Abdulƙadir. Wani baƙo ya taɓa tsayawa a gaban hoton ya ce, wannan kuwa kamar wani tela da ya sani a bakin tashar Gusau. Alhaji ya ce manyan mutane kan yi kama da jama'a da yawa, albarka ce.

Sannan ya kira Makau maroƙi. Makau ya san gidan kowa daga Anka har Gummi, ya san wanda aka haifa a ɗaki da wanda aka haifa a hanyar kasuwa. Ya san Shitu mai koma sarai, ya ma sha cin kifinsa. Amma ya dubi rigar da aka ajiye masa a gefe, ya shafa aikin wuyanta, ya ce, "Alhaji, kakanni nawa kaka so? Masu yaƙi ko masu karatu?"

"Gauraya," in ji Alhaji.

Aka sa ranar walima. Hakimi zai zo da dattawansa su ji asali. Aka gayyaci Likita Marisol da Stella, su ne shaidu daga ƙasar waje. Ana saura kaɗan sai saƙo ya zo daga fada: a yi haƙuri, Hakimi haƙora sun yi rauni, ya bar cin nama, ba abin da yake marmari kamar kifi.

Alhaji ya zauna dirshan. Matan gidan sun manta yadda ake kankare kifi, dokar ta daɗe. Kuma duk ƙasar nan, shi ya fi kowa sanin hannu ɗaya ne ke suyar da za ta sa hakimi ya lashe yatsa. Ya tura mota Gummi, ya ce wa direba a shigo ta ƙofar baya.

Gwaggo Asabe ta sauko da kwandunanta, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, baƙa, idonta tar. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan Shitu! Kai na kak koma haka? Wuyanka ina yat tahi?"

"Gwaggo, rage murya, don Allah." Ya waiga hagu da dama. "Alhwarma guda nika roƙo. Yau da gobe, ke mai suya ta da anka ɗauko. Ba ki san ni ba, ban san ki ba. In an gama, duk abin da kika so."

Ta bi shi ta tsakar gida, ta leƙa zaure, idonta ya faɗa kan hoton.

"Wane na wanga?"

"Kakana na," ya ce, bai dube ta ba.

Tsohuwa ta matsa kusa, ta ƙura wa mai rawanin ido, ta ɗan rusuna. "Ashe ubana na. Sannu Baba. Ba mu taɓa gamuwa ba." Ta juya ta ɗauki kwandonta. "To, Alhaji. Ina madahwa?"

Wannan Alhajin da ta faɗa ya fi zagi zafi, amma mai abolengo ba ya kula ƙananan abubuwa.

Ranar walima, bayan la'asar, aka kafa rumfuna a ƙofar gida. Hakimi ya zauna a tsakiya, dattawa na gefensa, Likita da Stella a kujerun gaba. Alhaji ya fito cikin rigar da in an shimfiɗa ta za ta rufe rumbu. Makau ya kama lasifika ya saki murya.

"Namadi jikan Abdulƙadir! Abdulƙadir da yaz zo daga gabas bisa hwarin raƙumi! Gidan da ba a taɓa jiƙa ƙahwa da ruwan gulbi ba! Takobi gado, alƙalami gado! Abolengo na gaban abolengo!"

Likita ta ji kalmarta ta fito daga lasifika, ta dubi Stella. Stella ta dubi sama.

Alhaji ya karɓa ya yi jawabi. Ya ba da labarin yaƙe-yaƙen da Kaka Abdulƙadir ya ci, da littattafan da ya rubuta waɗanda gara ta cinye saboda hassada. Ya ce shi ba mai son sarauta ba ne, jini ne ke kiransa. Hakimi yana saurare yana gyaɗa kai, ba ka gane ko yarda ce ko gyangyaɗi.

Sai aka fito da abinci.

Jama'a, ƙamshin suyar Gwaggo Asabe ba abin da za a yi wa bayani ba ne. Kawara ce, 'yar kifin nan mai daɗi mai yawan ƙaya, an soya ta ta yi ja, an barbaɗe da yaji. Aka ajiye faranti gaban Hakimi, aka ajiye gaban mai gida. Alhaji ya yi niyyar ya ture, ya ce jininsu bai saba ba. Amma Hakimi ya ce bismilla, kuma ba a barin babba ya ci shi kaɗai. Alhaji ya ce bari ya ɗan taɓa don ladabi.

Baki ya ci gaba da labarin raƙumi, hannu kuwa ya koma Gummi. Ya ɗauki kifi ta wutsiya, ya sa ta gefen dama na baki. Tsoka ta wuce ciki, ƙaya ta fito ta gefen hagu, fes, a jere, ko ɗaya ba ta karye ba. Ya ajiye ya ɗauki na biyu. Magana ba ta tsaya ba, ido bai kalli faranti ba. Haka yaran bakin gulbi ke ci tun kafin su iya tafiya, kuma ba a koyon sa da girma.

Hakimi, da ke ta fama da nasa yana tsince ƙaya ɗaya-ɗaya, ya tsaya yana kallo cike da sha'awa.

"Kai, Alhaji! Ni tun da nike, ban ga mai cin kihi haka ba sai Sarkawan Gummi."

Da zuciya ɗaya dattijon ya faɗa. Amma duk rumfa ta juyo. Alhaji ya dubi farantinsa, ya ga ƙayoyi kwance a jere kamar shaidu a gaban alƙali. Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula.

"Dace na, ranka shi daɗe," ya ce da wata dariya mara gishiri. "Mu ina munka san kihi? Wai ma ta ina aka hwara cin wanga abu?"

Don ya wanke kansa sai ya kira a kawo cokali. Ya datsi kifi ta tsakiya yadda ya ga baƙi na yi, ya ɗebo da tsoka da ƙaya da komai, ya tura, ya haɗiye ba tauna. Ya ɗaga yatsa zai ɗora bayani.

"Ai shi mai abo..."

Sauran kalmar ba ta fito ba. Ido ya firfito. Hannu ya kama wuya. Ƙaya ta samu wuri ta gicciye.

Wuri ya ruɗe. Wani ya ce a ba shi lomar tuwo, aka ba shi, ta wuce ta bar ƙaya. Wani ya ce ayaba. Wani ƙato ya ɗaɗa masa duka a baya har hula ta faɗo, kuma akwai masu cewa wannan ƙaton mai babur ɗin nan ne na gidan mai. Likita Marisol ta buɗe masa baki ta haska fitilar waya, ta girgiza kai. Stella ta ce ta yi zurfi, sai da ƙarfen asibiti, irin wanda sai Gusau. Alhaji ya ji Gusau, ya tuna ramukan hanya, hawaye suka zubo.

Hakimi ya ɗaga hannu. "Ku bar wahal da shi. Wanga aikin Sarkawa na, su anka sani da hidda ƙaya. A nemo Basarke."

Aka dubi juna. Makau ya dubi ƙofar gida.

Gwaggo Asabe ta fito tana goge hannu da gefen zane, ƙoƙon ruwa a ɗaya hannun. Ta durƙusa ta gai da Hakimi.

"Ranka shi daɗe, ni mai suya ta da anka ɗauko. Amma ɗiyar Sarkawa ta, gaba da baya."

"To Inna, taimaka mai."

Ta tsaya a kan Alhaji, wanda ke zaune yana numfashi kamar tsohon injin niƙa. Ta ɗaga murya yadda na bayan rumfa za su ji.

"Aikin iri biyu na. In baƙo na, akwai na baƙi, sai dai shina ɗaukar lokaci, wata sa'a a kwana a wuni. In ɗan gida na, yanzu-yanzu. Don mu a gidanmu ƙaya ba ta kama ɗan gida sai in ba ta gane shi ba. Sai shi kira ubanninai da bakinai, ta ji, ta san ta yi kuskure, ta sake shi." Ta sunkuyo. "Alhaji, baƙo kake ko ɗan gida?"

Alhaji ya dubi Hakimi. Ya dubi allon ƙofarsa. Ya dubi rawanin da yake gani a ransa yana ɗagawa sama kamar hayaƙi. Ya yi ta maza, ya tattaro murya ya ce, "Abdul... ƙa..." Tari ya sarƙe shi, ƙaya ta ƙara nitsewa, ya ga taurari tun rana ba ta faɗi ba.

"Ba ta san shi ba," in ji Gwaggo. "Ni ma jiya munka gamu."

Ta kafa masa ƙoƙo ya kurɓa, ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa tana shafawa ƙasa. Makau kuwa, saboda sabo da aiki, ya matso da lasifika daidai bakin mai gida.

"Kai ɗan wa?" in ji Gwaggo.

"Shitu," in ji wata 'yar murya, ta fito ta manyan lasifiku har bakin kasuwa.

"Shitu wane? Shitu na da yawa."

"Shitu... mai koma."

"Shi ɗan wa?"

"Jatau mai gora."

"Jatau hwa?"

"Ɗan Halilu Na-Gulbi."

Tana tambaya yana amsawa, tana shafawa yana haɗiya. Abin mamaki, ko gargada babu. Sunayen da ya binne shekara da shekaru suka riƙa fitowa a jere, kamar ƙayoyin farantinsa, wane ɗan wane, wane mai taru, wane mai jirgi, har ya kai ga wani kaka da ko Makau bai taɓa jin sa ba. Yana cikin lissafi ya lura muryarsa ta dawo garau. Ya taɓa wuya. Babu komai.

Wani tsoho cikin mutanen Hakimi ya miƙe. "Jatau mai gora na Gummi? Wanda yah hidda mutane shekarar da jirgi yak kihe da 'yan kasuwa? Ranka shi daɗe, ai da mahaihinka cikin waɗanda yaj jawo!"

Hakimi ya dubi Alhaji. Sannan ya dubi hoton Kaka Abdulƙadir da aka fito da shi aka jingine a kujera ta musamman, da takobinsa a gefe.

"Alhaji," ya ce a hankali, "kana da wanga gida kab bar shi kat tahi haya?"

A nan Likita Marisol ta tashi tana tafi, fuskarta cike da murna, ta yi wa Stella magana da sauri. Stella ta karɓi lasifika daga hannun Makau, kuma wallahi ta yi ƙoƙari ta riƙe dariyarta.

"Likita ta ce ita ma kakanta masunci ne, amma daga kansa ba ta san sunan kowa ba. Ta ce ba ta taɓa jin mutum ya jero iyayensa haka ba. Ta ce jama'a ku shaida, wannan da kuka ji yanzu, shi ne abolengo."

Ga shi nan dai. Karo na farko da wani ya faɗa masa kalmar da bakinsa, yadda masu ita suka ce a yi, a gaban hakimi, a lasifika. Kuma a kan kifi.

Hakimi ya wanke hannu ya tashi. Ya ce maganar Marafa a bar ta, don ba ya naɗa mutumin da sai an shaƙe shi yake tuna ubansa. Amma garinsu ya daɗe ba Sarkin Ruwa, in Alhaji na so, gidansu ya cancanta. Alhaji ya ce zai yi shawara. Har yau yana yi.

Da taro ya watse, Stella ta bi Gwaggo madafa, ta same ta tana kankare kasko.

"Inna, tsakaninki da Allah, dole sai an kira sunayen nan ƙaya ke fita?"

"Wane irin dole, ɗiyata? Tun kurɓin hwarko tat tahi." Ta ci gaba da kankara. "Ni dai na daɗe ban ji su ga bakinai ba."

Alhaji bai sake furta kalmar ba. Ya sa aka shafe allon ƙofa, amma fentin na arha ne, damina ɗaya ta wanke shi, rubutun ya sake fitowa. Kalmar kuwa ta riga ta shiga gari, ta samu aikin yi. Yau daga Anka har Bukkuyum, duk wanda ƙaya ta maƙale wa, yaro ko babba, ba a wani dogon bayani, sai ka ji an ce, maza a kai shi Gidan Abolengo. Kuma ɗan Sarkawa ba ya mayar da mai ƙaya, wannan kowa ya sani. Don haka in ka bi ta ƙofar da hantsi, kana iya ganinsa tsaye cikin babbar riga, ya ajiye wayoyi a kan dakali, ya naɗe hannu, ƙoƙon ruwa a tafinsa, yana shafa wuyan wani ɗan mai babur. Mutane sun yi layi, gari duk yana kallonsa, yadda ya daɗe yana so.